Hayaƙi a Kujerar Baya

Shekarun baya can, lokacin da tutar ƙasar nan ba ta ko fara koɗewa ba, ina koyarwa a lakwal ɗin Dakoro, wato makarantar boko, kuma ina da rabin mota. Na ce rabi domin ni da abokina muka haɗa hannu muka saye ta wurin wani Nasara da ke ɗaure kayansa zai koma gida. Ya miƙa mana makulli yana ta murmushi. A lokacin mun ɗauka murmushin ban kwana ne.

Abokin nawa Bazabarme ne, malamin dabbobi, an turo shi daga yamma ya riƙa yi wa shanun Fulani da raƙuman Buzaye allura. Yawon daji ne ya tilasta masa sanin cikin inji, don inda yake zuwa, in mota ta mutu, babu mai leƙo ka sai ungulu. Shi ke tuƙi, shi ke gyara. Ni kuwa aikina a motar shi ne in zauna gaba da littafi a cinya, ina ɗaga wa jama'a hannu kamar sabon minista.

Motar tana da wata ƙara, fat-fat-fat, musamman da safe kafin inji ya ɗau zafi. Mutanen gari sun ɗauke ta alamar ƙarfi. “Mushe,” sukan ce mini, don haka ake kiran malamin lakwal, “motar nan taku ba ta wasa, tun daga kasuwar dabbobi ake jin tahowarta.” Ni ma ban musa ba, don yabo ba ya yi mini nauyi. Abokina ne kawai yakan ɓata fuska ya ce, “Akwai inda take zubar da numfashi, wata rana zan duba.” Da yake tagogin gaba kullum a buɗe suke, kuma babu mai zama a baya sai buhun gishirin dabbobi da akwatin allurai, waɗanda ba su taɓa kai ƙara ba, sai “wata rana” ta yi ta matsawa gaba.

Yanzu sai in gaya muku wani abu game da mahaifiyata, don in ba ku san shi ba labarin ba zai zauna ba. Ni ne ɗanta na fari. A zamaninsu, mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama kusa da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye muddin akwai wata hanya. Kakata ce ta raine ni. Ko bayan na ɗauko mahaifiyata ta dawo gidana, in tana son abu sai ta gaya wa bango, ko matata, ko akuyar da ke ɗaure: “A gaya wa wancan hatsi ya yi ƙasa.” Wancan ɗin kuwa yana zaune nan a kan tabarma, da satifiket ɗinsa da komai. Ba ƙi ba ne. Kunya ce, kuma a wurinta kunyar nan wani ɓangare ce na mutunci, kamar mayafi.

Amma da abokina, bakinta ba ya da linzami. Mu Gobirawa ne, shi Bazabarme, akwai wasa tsakaninmu tun kaka da kakanni. Da ta ji takunsa a zaure sai ta ɗaga murya:

“Bawana ne ya iso? Ga turmi can, a yi mini sussuka.”

“Inna, yaushe ubangida ya fara sussuka? Na zo duba ko talakawana sun ci abinci.”

“Talakawanka na can bakin kogi suna cin ganye.”

Haka suke yi har tuwo ya huce. Sau da yawa ta bakinsa nake jin abin da ke ranta.

Yanar ido ce ta rufe wa mahaifiyata idanu, sannu a hankali. Da farko zaren allura ya gagare ta, sannan tsintar tsakuwa a wake, daga baya sai ta koma tana bambanta rana da inuwa kawai, tana bin bango da tafin hannu. Ba ta taɓa kuka da abin ba, amma na ga ranar da ta ajiye mazarinta a cikin kwando ta tura shi ƙarƙashin gado. Ana cikin haka labari ya zo cewa wani lokotoron ido ya sauka asibitin Maradi, yana cire yana, kuma zai tashi kafin damina. Muna tsakiyar bazara ke nan. Kowa ya san in ruwa ya zauna, Gulbin Kaba ya kawo, hanyar Maradi ta zama labari sai kaka.

Muka shirya. Akwai ƙanwarta a Maradi da za ta yi jinya, don haka mu uku ne a motar. Na rufe tagogin baya ruf, na cusa tsummoki a duk wata kafa, kada yashi ya shiga idon da ake son gyarawa. Ita kuma ta ce wa abokina a rataya zane tsakanin gaba da baya.

“Ba ni zama ina kallon ƙeyar mutane,” in ji ta.

“Inna, da wane idon?”

“Kai dai rataya.”

Aka rataya. Muka fita da hantsi, motar na fat-fat, su biyu suna ta gwabzawa ta cikin zane. Ya ce Gobirawa ba su san mota ba sai jaki, ta ce Zabarmawa a kan jakin Gobirawa suka fara ganin duniya. Ni ina gefe ina riƙe da littafi, ina jin ɗan ciwon kai, na ɗora laifin a kan zafin rana.

Mun wuce Birnin Lalle da kaɗan, abokina ya ce, “Inna, in an buɗe idon nan, abin da za ki fara gani shi ne Bazabarme ya fi Bagobiri kyau.”

Shiru.

Ya ƙara ɗaga murya. “Na ce duk Gobirawa bayinmu ne, har sarkinsu.”

Shiru.

Sai kawai ya taka birki, har littafina ya faɗi. Ya ce, “Ba lafiya ba. Inna ba ta taɓa bar mini maganar ƙarshe ba.”

Muka yaye zanen. Tana jingine da ƙofa, kanta ya langaɓe, bayan motar ya cika da wani wari mai ɗaci kamar an kashe murhu da ruwa a ɗaki rufe. Muka ɗauke ta muka shimfiɗe ƙarƙashin wata aduwa, abokina yana fifita da hularsa, ni ina yayyafa mata ruwa ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta shiga kasuwa. Wasu Fulani mata masu tallar nono suka tsaya, ɗaya ta ɗora kan mahaifiyata a cinyarta. Can sai ta yi tari, ta yi amai, ta buɗe idanun nan da ba sa gani.

Abokina ya durƙusa. Ya ce, “Haba Inna, kin ji wari tun yaushe?”

“Tun muna cikin gari.”

“Me ya hana ki magana?”

Ta gyara mayafi, ta juya fuska nesa da inda take jin numfashina. “Motar mutum, shina zaune, in ce tana wari?”

Ba ta sake shiga motar ba ran nan. A kan jakin aro ta koma Dakoro, ni ina tafe a gefe cikin wando da takalmin mushe, motar na biye da mu a hankali kamar mai neman gafara. Duk wanda muka gamu da shi sai ya tsaya ya kalla. Ban ɗaga wa kowa hannu ba.

Washegari abokina ya ɗaga murfin inji ya ce in zo in gani. A gefen injin akwai wani ƙarfe mai rassa kamar yatsun hannu, kolekter suke ce masa. Shi ke tattara hayaƙin da injin ke fitarwa ya zuba shi a bututu guda, ya fice ta bayan mota. Tsakanin wannan ƙarfe da jikin inji akwai wani siririn falle mai huji-huji, sunansa juwan, aikinsa ya toshe tsakanin ƙarfe da ƙarfe kada komai ya tsere. Namu ya ƙone ta gefe ɗaya. Ga baƙin toka nan ya yi zane a jikin injin, daidai inda hayaƙin ke kuɓucewa. Daga nan iska ke tura shi ƙarƙashin mota, ya hau ta ramukan da tsatsa ta ci a daɓen baya. Ƙarar da gari ke yabo, ashe kukan wannan ƙunar ce.

Cire shi ma aiki ne. Notukan sun yi shekaru ba a taɓa su ba, tsatsa ta aurar da su. Muka jiƙa su da kananzir haɗe da man gyaɗa, muka bar su suka sha, sannan abokina ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana lallashi. Duk suka yarda sai ƙusa ɗaya, wadda ta karye ta bar guntu a jikin inji. Abokina ya faɗi wasu kalmomi da Zabarmanci waɗanda ban nemi fassararsu ba. Sai da muka ɗauko maƙerin unguwarmu, ya goge wa guntun fuska biyu da magagari, ya kama da awartaki, ya murɗo shi.

Muka ba wani Alhaji mai safarar hatsi ƙonannen juwan ɗin, ya tafi da shi Maradi a nemo irinsa. Ya dawo da sabo fil a takarda, yana fara'a. Muka ɗora, huji bai hau huji ba.

Na ce, “Alhaji, wannan ai na wata mota ne.”

“Mai kantin ya ce irin taku an daina kawo kayanta tun kafin a haifi 'yancin kai. Amma ya ce motocin Nasara duk dangi ne.”

“Dangi ne,” in ji abokina, “amma ba su sa wandon juna.”

Da la'asar ɗin ranar aka yi yayyafi na farko. Ƙasa ta yi ƙamshi, manoma suka fito suna duban gabas suna hamdala. Ina jin duk faɗin Dakoro ni kaɗai ne na kalli hadari na ɓata rai.

Wani baduku ya ba da shawarar a yanka juwan na fata. Abokina ya ce sai dai in muna son motar ta riƙa ƙamshin layya. Abin da ake bukata shi ne ƙarfe mai laushi da ke jure wuta. Sai ya tuna da wata tsohuwar tukunyar jan ƙarfe a ma'aikatarsu, wadda a da ake dafa allurai a ciki, ta huje a gefe aka jingine ta. Maƙeri ya yanke gindinta, ya yi ta bugu har ya miƙe ya zama falle. Ni kuma na shafa baƙin tukunya da mai a fuskar kolekter, na danna takardar zane a kai, siffar ta fito tsaf. Na ɗauko kayan awon da nake koya wa yara da'ira da su, na fitar da kowane huji a kan jan ƙarfen. Tunda na fara koyar da lissafin siffofi, ranar ce na fara ganin da'ira ta yi wa wani amfani. Maƙerin ya huda, ya goge, sannan ya sa fallen a wuta har ya yi ja, ya tsoma a ruwa, don ya yi laushi ya kwanta in an matse shi.

Kafin mu ɗora, na aza rular aji a kan fuskar kolekter ɗin, sai ga haske na wucewa ta ƙarƙashi. Zafi ya lanƙwasa shi. In aka ɗaure shi haka, sabon juwan ma ƙonewa zai yi. Ana bukatar wuri mai santsi da babu tudu ko kwari a goge shi a kai, kuma a duk garin ban san wani abu mai wannan hali ba sai gilashi ɗaya: na hoton da ke rataye a ajina. A da hoton gwamnan Nasara ne a ciki. An cire shi, na sabbin shugabanni bai iso ba tukuna, gilashin na nan yana tsaron bango. Muka kwantar da shi a kan tebur, muka tankaɗe yashi mai laushi, abin da Dakoro ba ta taɓa rasawa ba, muka kwaɓa da mai, muka yi ta goga ƙarfen a kai muna karɓa-karɓa, har kafaɗuna suka daina amsa sallama. Da rula ta zauna ba haske, abokina ya ce ya isa.

Wurin ɗaurewa ya hana ni taɓa komai. Daga tsakiya ya fara yana fita gefe, kowane noti kaɗan-kaɗan, ya zagayo ya sake, kamar mai ɗaure fatar ganga da ba ya gama gefe ɗaya ya bar ɗaya. Aka tada inji ya yi zafi, aka kashe ya huce, ya sake bi ya matse. Sannan ya fizgi gashin kaza ya riƙa bi da shi bakin juwan ɗin, inji na aiki. Gashin bai motsa ba. Ramukan daɓen baya kuma muka lulluɓe su da gwangwanin kananzir.

Motar ta koma magana ƙasa-ƙasa kamar mai gulma. Mutanen gari ba su ji daɗi ba. “Mushe, me ya sami motar? Ƙarfinta ya tafi?”

Saura babban aikin, wanda ba a kwance shi da ƙarfe. Mahaifiyata ta ce ba ta shiga.

“Na ga duniya iyakar gani,” ta gaya wa turmi. “Abin da ya rage ba sai na gan shi ba.”

Na taɓa karanta cewa a ƙasashen Turai masu haƙar gawayin ƙasa sukan shiga rami da ɗan tsuntsu, in iska ta ɓaci shi ke fara faɗuwa. Na kawo wannan ilimi cikin alfahari, na ce a sa kaza a kujerar baya, a rufe tagogi, a je Birnin Lalle a dawo.

“Kazar wa?” in ji ta, tana tambayar bango.

Zakaran abokina aka sa. Ya je ya dawo lafiya, har ya yi cara a ƙofar gida. Ta saurara ta ce, “Zakaran Bazabarme ba shaida ba ne. Duk abin da ubangidansa ya ce shi zai faɗa.”

Abokina ya zauna a bakin tabarmarta. Wannan karon bai yi wasa ba. Ya ce, “Inna, ba hayaƙi kike tsoro ba. Kin san in ya sake tasowa, ba za ki iya faɗa ba, don shina nan. To ga abin da za a yi. Ba zane, ba rufe taga. Shi zai zauna baya tare da ke. Abin da kika shaƙa shi zai shaƙa. Shi kuwa kin san bakinsa, ko ƙuda ya gifta sai ya yi masa darasi.”

“In zauna kujera ɗaya da wancan? Mutane su ce me?”

“Su ce Bagobira ta sami bawa mai tuƙi da dogari mai tsaro. Inna, hadari na haɗuwa. Lokotoron nan in ya tafi, ba mu san mai dawo da shi ba.”

Can ta ce, “A gaya mishi ya matsa can jikin ƙofa.”

Haka muka kama hanya, ita a wannan ƙofa, ni a waccan, ƙullin kayanta a tsakani kamar iyakar ƙasa. Tunda aka yaye ni ban taɓa zama kusa da ita na tsawon lokaci haka ba. Ina ta shaƙar iska kamar karen farauta, ba wari sai na ƙasar da ta sha yayyafi. Su biyu suka ci gaba da faɗansu. Bayan Kornaka muka gangara Gulbin Kaba, ƙasan ya jiƙe amma ruwa bai kawo ba. Motar ta zame, ta yi tsalle, sai na ji an damƙe mini wuyan hannu. Muka haye. Ba ta saki ba. Tana ta gaya wa abokina cewa tuƙinsa irin na masu kwale-kwale ne, hannunta kuwa na kan nawa kamar ba nata ba ne, har muka ga rufin kwanon Maradi. Na kalli taga, na bar iska ta ɗauki laifin abin da ke zubo mini.

Mun sami lokotoron, har ya fara sallamar mutane. Ido ɗaya ya ce ya makara, ɗayan ya yi masa aiki. Ranar da za a kwance bandeji muna tsaye ni da abokina da ƙanwarta. Aka warware a hankali, aka ɗora mata wani tabarau mai kauri. Ta ƙifta, ta ƙifta, ta ɗaga hannunta ta juya shi gaba da baya tana kallo. Sannan ta sauke ido a kan abokina, ta ƙare masa kallo daga hula har takalmi.

“La'ilaha. Ashe haka kake? Da na sani da na bar yanata.”

Dariya ta kusa kayar da wata ma'aikaciyar asibiti da ke wurin. Daga nan idon ya zagayo kaina. Bai daɗe ba, ɗan abin da ba zai kai a ce ta kalla ba, ta kawar da kai.

“Wancan kuma,” ta ce wa abokina, “wa ya ce mishi gemu na yi mishi kyau?”

Da yamma na nemi wanzami.

Ta rayu shekaru masu yawa bayan haka, ta koma kaɗinta, ta ga jikoki ta kuma faɗi wanda ya yi kama da wa. Ba ta taɓa kiran sunana ba har ta koma ga Allah, ni kuma ban taɓa jin na rasa wani abu ba.

Mu da muka karɓi ƙasar nan tana sabuwa, yawancin abin da aka bar mana tsoho ne, kuma an daina kawo kayan gyaransa. Mun koyi yanka wani abu daga gindin tukunya, kuma sau da yawa ya riƙe. Amma abin da ya fi zauna mini daga wannan tafiya ba na ƙarfe ba ne. A aji, na daina ɗaukar yaron da bai ce komai ba a matsayin wanda ya gane. A gida ma haka. Akwai mutanen da tarbiyyarsu ba za ta bar su su ce maka suna shan wahala ba, ko da numfashinsu ne ke tafiya, kuma galibi su ne waɗanda suka fi ƙaunarka. Irin waɗannan ba a jiran su kawo kuka. Tashi ake yi daga kujerar gaba a koma kusa da su a zauna.